GARI MA YANA DA TSAKAR GIDA

Yau na ajiye labarin soyayya da na kishiya a gefe, tarihin wasu filaye biyu na garin Kaduna na ɗauko muku, wato Dandalin Murtala da filin wasa na Ahmadu Bello. Na san wata tana can tana taɓe baki tana cewa, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa matar aure da filin ƙwallo? Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ki rage wutar risho ki biyo ni. In mun kai ƙarshe ke da kanki za ki ga inda maganar ta shafe ki, ta shafi 'ya'yanki.

Ki duba gidan yawa irin wanda akasarinmu muka tashi a ciki. Kowace mace da ɗakinta da labulenta da sirrinta, amma tsakar gida ta kowa ce. Da safe nan ake wanke-wanke, da hantsi a baza shanya, da la'asar a kafa turmi, da dare yara su shimfiɗa tabarma a yi tatsuniya. In haihuwa aka yi nan ake taron suna, in rasuwa ce nan mata ke zaman makoki. Wuri ɗaya ne, aikinsa goma. Ko matan da ba sa ga-maciji da juna dole su haɗu a bakin murhu, yau a yi harara, gobe a ari ludayi. To ran da maigida ya kira magini ya ja katanga ya raba tsakar gidan nan biyu, faɗa zai ragu kam, amma 'ya'yan gidan za su tashi ba su san juna ba. Gari ma haka yake. Unguwanni su ne ɗakuna, dandali shi ne tsakar gida.

Bari mu taso daga Gonin Gora, ƙofar Kaduna ta kudu, a ƙaramar hukumar Chikun, inda motar da ta fito daga Abuja take fara shaƙar iskar garin. In kika shiga mota daga nan kika nufi cikin gari, za ki bi ta gefen Kakuri da Makera, unguwannin masana'antu, ki kai shataletalen tashar jirgin ƙasa, ki hau gadar kogin Kaduna. Kina sauka daga gadar ba nisa sai ga filin wasa na Ahmadu Bello. In kika ƙara gaba kika ratsa cikin gari, sai ki tarar da Dandalin Murtala. Ki lura fa, duka biyun a arewacin kogi suke. Ke nan mutumin Gonin Gora ko Kakuri ko Sabon Tasha ko Barnawa, in yana son ganin babban taro sai ya haye ruwa. Riƙe wannan a ranki, za mu dawo kansa.

DAGA FILIN SUKUWA ZUWA DANDALIN MURTALA

Kaduna ba tsohon birni ba ce irin Kano ko Katsina ko Zariya. Su waɗancan tun kaka da kakanni suna da dandalinsu, wato filin ƙofar fada, inda ake hawan salla da jafi da duk wata sanarwa ta sarki. Ita kuwa Kaduna ƙasar Gbagyi ce, waɗanda muke kira Gwari, Gwamna Lugga ya zaɓe ta saboda ruwa da hanyar jirgin ƙasa, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Daga nan sai garin ya cika da soja da akawu da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa, kowa daga uwa duniya ya fito, kowa da yarensa. Garin baƙi ne, babu ƙofar fada guda da za ta tara su.

Abin da Turawa suka tanada wa kansu shi ne filin sukuwa, inda suke tseren dawaki, kusa da shi kuma ga filin ƙwallon dawaki wanda aka kafa ƙungiyarsa tun 1918. Da farko wajen shaƙatawar manya ne, talaka sai dai kallo daga gefe. Amma da yake shi ne fili mafi girma a hedkwata, duk lokacin da babban al'amari ya taso can ake nufa.

A farkon shekarar 1956 Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ta kawo ziyara Nijeriya tare da mijinta. Sai Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, da gwamnatinsa suka shirya mata gagarumin hawan daba a wannan fili. Sarakunan Arewa suka hallara da dakarunsu, na Sakkwato da Borno da Kano da Katsina da Zazzau da sauransu, dawaki dubbai, ga 'yan lifida ga 'yan sulke, ga kakaki da algaita da tambura. Wasu mahayan sai da suka shafe makonni a hanya kafin su iso. Bayan shekara uku, a 1959, da Jihar Arewa ta samu mulkin kanta, aka sake wani hawan a Kaduna don murna. Kin ga filin da Bature ya share don nishaɗinsa, a kansa aka yi bikin sallamarsa.

Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammad a Ikko, Allah ya jiƙansa. Shi ne aka sa wa filin sunansa, filin sukuwa ya koma Dandalin Murtala. Shekara na zagayowa, a 1977, Nijeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wanda kowa ya sani da FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu. Yawancin shagulgulan a Ikko aka yi, amma hawan daba aka ce sai Kaduna. Saboda baƙin wannan biki aka gina Otal ɗin Durbar, wanda ya daɗe yana ado ga garin kafin ya koma kango, aka rushe shi a 2020.

To ga inda nake so ki buɗe kunne. Ranar 14 ga Fabrairu 1982 Fafaroma John Paul na biyu ya zo Kaduna, kuma a wannan Dandali na Murtala Kirista suka yi dafifi daga ko'ina cikin Arewa, ya yi musu addu'a, ya naɗa sababbin limaman coci. Wannan dandalin dai shi ne Musulmi ke cikawa da sahu ranar idi, ƙaramar salla da babba. Ƙasa ɗaya ce, yau an shimfiɗa mata darduma, gobe an jera mata benci, ba ta taɓa cewa ƙafar wane ta fi ta wane tsarki ba.

Haka kuma Kasuwar Duniya ta Kaduna, wadda aka fara a ƙarshen shekarun 1970, a nan ta yi ƙuruciyarta kafin a gina mata matsuguni nata a hanyar Zariya. Kwana 10 ake yi ana cin ta, kamfanonin gida da na ƙasashen waje suna baje kolin hajarsu, daga injin niƙa zuwa atamfa da kwanukan jere. A dandalin nan ake faretin ranar 'yanci, 1 ga Oktoba, da na ranar yara, 27 ga Mayu. Nan 'yan siyasa ke taron neman ƙuri'a, nan ake rantsar da wanda ya ci. Ashe ba tsakar gida ba ke nan? Wuri ɗaya, aikinsa goma.

FILIN DA KE BAKIN GADA

Shi kuwa filin wasa na Ahmadu Bello, gwamnatin Jihar Arewa ce ta gina shi a tsakiyar shekarun 1960, gab da rasuwar Sardauna, wanda aka kashe ranar 15 ga Janairu 1966. Ba don ƙwallon ƙafa kaɗai aka yi shi ba, an zagaye shi da hanyar tsere, an kuma yi masa zauren wasanni na cikin ɗaki.

Su wa suka riƙa cika shi? Sai mu koma ƙetaren kogi. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, a shekarun 1960 masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya, haka masana'antar makamai ta DIC, a 1975 kuma kamfanin haɗa motocin Peugeot ya kama aiki. Dubban ma'aikata ne, Bahaushe da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Nufawa da Yarabawa da Ibo, inji ɗaya suke tsayawa a kai, gidan haya ɗaya suke kwana, famfo ɗaya matansu ke bin layi. Ran wasa sai ki ga gada ta cika da kekuna da masu tafiya a ƙasa, duk an nufi fili. Ita kanta ƙungiyar ƙwallon da ta fi fito da sunan Kaduna, wato Ranchers Bees, asalinta ta ma'aikatan DIC ce, da sunan DIC Bees aka fara saninta. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasarsu, a 1989 ta ɗauko kofin Afirka ta Yamma. Ran da Bees ta jefa ƙwallo a raga, wa ke tsayawa tambayar sunan na kusa da shi kafin ya rungume shi?

Bayan yaƙin basasa gwamnati ta ƙirƙiro gasar wasanni ta ƙasa a 1973, musamman don 'ya'yan Nijeriya su sake sabawa da juna. Ta farko da ta biyu a Ikko aka yi su, ta uku kuwa a 1977 Kaduna aka kawo ta, samari da 'yammata daga kowace jiha suka zo gudu da tsalle da sauran wasanni. A watan Afrilu na 1978 shahararren ɗan ƙwallon duniya Pele ya taka leda a Kaduna cikin rigar ƙungiyar Fluminense ta Barazil, suka kara da Raccah Rovers ta Kano. Har yau ana yawo da hotonsa sanye da babbar riga da hula kamar wani angon Bahaushe. A Afrilun 1999 kuma Nijeriya ta karɓi gasar kofin duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20, Kaduna na cikin garuruwa takwas da aka zaɓa. A filin nan Sifen ta doke Mali da ci 3 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, ta wuce Ikko ta ɗauki kofin.

TO MU MATA MUNA INA?

Gaskiya ɗaya ce, yawancin wannan kallo maza ne suka yi shi. Iyayenmu mata da ke cikin kulle, nasu dandalin a cikin gida yake. Ranar biki ko suna a kifa ƙorai a ruwa, a kira masu kiɗan ƙwarya da amada irin su marigayiya Barmani Choge, a rufe ƙofa a cashe, ba namiji ko ɗaya sai na goye. Abin da ke faruwa a babban fili kuwa, akwatin rediyo ne ke kawo musu shi, tun da aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. Uwargida na tuƙa tuwo, mai sharhi na faɗa mata sarkin da ya shigo da kalar rawaninsa.

Duk da haka ba a taɓa rasa ƙafar mace a filayen nan ba. 'Yammatan makaranta sun yi maci da fararen safa ranar yara. Masu ƙosai da masu gyaɗa da masu zoɓo sun ci kasuwa a bakin ƙofa, da yawa da ribar nan suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Kasuwar Duniya kuwa, ke dai bari, ita ce fitar da ko maigida mai tsanani yakan ɗaga ƙafa a kanta sau ɗaya a shekara. A nan matar Tudun Wada da matar Kakuri suke haɗuwa gaban rumfa ɗaya suna taya tukunya ɗaya, wannan ta ce wa waccan, kar ki saya 'yar'uwa, can gaba ya fi araha. Ƙaramar magana ce, amma da irinta ake gane cewa na ƙetare ma mutum ne.

RAN DA AKA JA KATANGA

Ranar 21 ga Fabrairu 2000 rikici ya ɓarke a Kaduna kan batun shari'a, ya sake tashi a watan Mayu. Sama da mutum 1,000 suka rasa rayukansu, Musulmi da Kirista, gidaje da shaguna da wuraren ibada suka ƙone. A watan Agusta na 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, shugabannin addinan biyu suka sa hannu kan takardar zaman lafiya, da ƙoƙarin irin su Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Ba a rufa wata uku ba, a Nuwamba, wata wutar ta sake kamawa sanadin wani rubutu na ɓatanci da wata jarida ta buga game da gasar sarauniyar kyau ta duniya da aka shirya yi a Abuja. Sama da mutum 200 suka tafi. Masu gasar suka kwashe kayansu suka je Landan suka yi abinsu, mu aka bari da zawarawa da marayu.

Daga nan kowa ya nemi inda nasa suke. Musulmin da ke kudu da yawa suka sayar da gidajensu ko suka yi musaya suka koma arewacin kogi, Kiristan arewa suka gangaro kudu, unguwanni irin su Gonin Gora da Sabon Tasha suka tumbatsa. Ana cikin haka masaƙun da suka haɗa mutane su ma suka durƙushe, KTL ta tsaya a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Kogin da a da ake hayewa don kallo, ya koma katangar tsakar gida. Aka wayi gari in gari ya ɗan yi zafi, mai suna Musa gabansa na faɗuwa in zai ratsa Gonin Gora, mai suna Moses gabansa na faɗuwa in zai shiga Rigasa, alhali sunan Annabi ɗaya suke amsawa.

Filayen dai ba su mutu ba. A 2009 Kaduna ta sake karɓar gasar wasanni ta ƙasa, a ƙarshen shekarar kuma aka buga wasu wasannin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a filin Ahmadu Bello. A 2017 aka yi hawan daba na cikar garin shekara 100. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sake fasalin Dandalin Murtala, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a Janairun 2022. Sai dai gyaran gini aikin gwamnati ne da 'yan kwangila, cika shi da mutanen da suka yarda da juna kuwa ba a ba da kwangilarsa.

Abin da ya yawaita a maimakon haka shi ne ɗakunan taro na haya. Kowace unguwa da nata, kudu da arewa, kuma mu mata mu ne manyan masu cinikinsu. Da Asabar a yi kamu ko dina, da Lahadi wani taron, ranar aiki a yi bita. Ba na kushe su, sun rufa asirin mai ƙaramin gida, sun hana tare titi da rumfa, ruwan sama bai tashin biki. Amma ki duba bambancin. Ɗakin haya sai da kati, ga ƙato a bakin ƙofa, wadda ba ta yi anko ba ma sai ta ji kunyar shiga. Waɗanda ke ciki duk danginki ne da ƙawayenki, masu irin sunanki da irin ɗaurin ɗankwalinki. Wannan ɗaki ne, 'yar'uwa, ɗaki mai faɗi da fanka da fitilu. Tsakar gida kuwa ita ce inda kike haɗuwa da wadda ba ke kika gayyace ta ba.

Yaron da aka haifa a shekarar 2000 yau magidanci ne ko yana shirin zama. Akwai da yawa a Gonin Gora da ba su taɓa cin tuwon salla a gidan aboki ba, akwai da yawa a Kawo da ba su taɓa karɓar shinkafar Kirsimeti daga maƙwabta ba. Abin da suka sani game da na ƙetare, a bakin wasu suka ji shi, kuma akasari ba alheri ba ne. Irin wannan yaro shi ne mai saurin ɗaukar jita-jita, shi ne wanda ake miƙa wa ashana. In kuwa wuta ta tashi, mu ne masu goyo da gudu, mu ne masu takaba.

Don haka shawarata gare ki uwargida, ba mai tsada ba ce. In lokacin Kasuwar Duniya ya zo, ki nemi izinin maigida cikin lalama, ko ma ki ja shi ku tafi tare da yara. In makarantar 'yarki za ta je maci ko gasar gudu da wasu makarantu, kar ki ce ba inda za ta, ki wanke mata safa ki raka ta da addu'a. In ana wasa da rana kuma gari lafiya, ki bar yayansu ya kai ƙannensa kallo, su dawo kafin magariba. In za ki aurar da 'ya, ki ware kati biyu ko uku ki aika wa tsofaffin maƙwabtan da kogi ya raba ku, ko ba su zo ba sun san ba a manta da su ba. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, daga Gonin Gora zuwa bakin gada kuwa kuɗin mota ne kawai.

Ke kuma ƙanwata budurwa, in kika ji tsofaffi na labarin Kaduna ta da, ki matsa kusa ki tambaye su. Ki tambayi wanda ya ga hawan 1977, ki tambayi wadda ta yi talla a ƙofar fili ran da Pele ya zo. Gobe ke ce uwa, abin da kika zuba wa yaro a kunne yana goye shi zai fita da shi waje.

Allah ya zaunar da Kaduna lafiya, kudu da arewa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya a gidajen aurenmu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Taku har kullum.